Yadda Za Ka Zaɓa Idan Manyan Jami'o'i Biyu Sun Ɗauke Ka a Saudiyya

To ƙanena, Allah ya sa ka dace, saƙo ya shigo daga Jami'ar Sarki Fahad ta Zahran, wancan ma ya shigo daga Jami'ar Sarki Abdul'aziz ta Jidda, gida ya cika da barka, kowa da tashi shawarar. Ka nutsu tukuna, don wa'adin tabbatar da gurbi gajere ne.

Abu na farko, ka ajiye sunan jami'a gefe ka duba abin da aka ba ka a takardar. Wane takassus ne, wato wane fannin karatu? Ta Zahran tun 1963 aka kafa ta don harkar man fetur da ma'adinai, tana maƙwabtaka da hedikwatar Aramco, kamfanin man fetur na Saudiyya, injiniyanci da kimiyya da kwamfuta su ne ƙarfinta, kuma da Turanci ake koyarwa, sai ka wuce shekarar share fage kafin ka shiga sashenka. Babu kulliyar likitanci, wato tsangayarsa, a can. Ta Jidda kuwa, wadda aka buɗe a 1967, tana da likitanci har da asibitinta na koyarwa, ga kulliyoyi birjik. In zuciyarka na kan likitanci magana ta ƙare. In injiniyan mai kake so, Zahran ce, ko da kuwa Umma za ta yi ƙwalla.

Na biyu, kuma nan ne yaranmu suka fi tuntuɓe wallahi, wace irin minha ce, wato tallafin karatu? Wanda yake zaune a ƙasar da iƙama, wato takardar izinin zama, minha dahiliyya ta cikin gida ake ba shi, wanda ya nema daga Kano ko Damagaram tashi harijiyya ce ta 'yan waje, kuma sharuɗɗansu ba ɗaya ba ne. Ka kira ofishin ɗaliban minha na kowace jami'a ka tambaye su dalla-dalla: akwai sakan, wato masaukin ɗalibai, ko haya zan kama, akwai mukafa'ar wata, wato alawus, iƙamata fa tana nan ƙarƙashin mahaifina ko yaya za ta kasance, in makina ya faɗi ana janye minhar? Ka ɗauki biro ka rubuta amsar a takarda guda, Zahran a dama Jidda a hagu, ka manna a jikin bango kana gani safe da yamma.

Sai maganar nisa da gida, wato Makka. Daga Makka zuwa Jidda wajen kilomita 80 ne, ga jirgin ƙasan Haramaini tun 2018, Alhamis da yamma ka dawo ka ci tuwon gida ka yi Juma'a a Harami. Zahran kuwa gabas ce can bakin teku, fiye da kilomita 1,000, jirgin sama ma sai ya yi kamar awa biyu daga Jidda zuwa Dammam da ke maƙwabtaka da ita. Ni dai a ganina nisan ba laifi ba ne ga yaro mai natsuwa, amma in kai ne babba a gida kuma Baba jiki ya fara rauni, kar ka raina wannan.

Na huɗu ka tambayi kanka ina za ka yi aiki bayan ka gama. Tsarin sa'awada yana ƙara ware ayyuka ga 'yan ƙasa, wanda ba shi da jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, dole ya yi lissafi tun yanzu. In Najeriya za ka koma, likitan da ya yi karatu a waje sai ya zauna jarrabawar hukumar likitoci kafin a ba shi lasisi, injiniya kuma sai ya yi rajista da COREN, hukumar injiniyoyi, ga bautar ƙasa tana jira. Ka nemi ɗalibi ɗaya a kowace jami'a, a sashen da aka ba ka, ɗan aji uku ko huɗu, ka tambaye shi ina waɗanda suka gama bara suke yanzu.

Daga nan ka zauna da iyaye ka karanta musu takardar nan taka, ka yi istihara, ka shiga shafin jami'ar da ka zaɓa ka tabbatar kwana biyu kafin wa'adi don intanet ba shi da tabbas ranar ƙarshe. Ɗaya gurbin kuma don Allah ka sake shi da wuri, akwai wani yaron a jerin jira.