Kujerar farko a teburin mutum shida: waɗanne karta za ka shiga da su?

Jama'a, masu buga poka a teburin mutum shida, ku kula da kujerar da ke hagun mai zuba babban kuɗin dole, wato kuɗin da ake ajiyewa tilas kafin a raba karta. A wannan kujera kai ne farkon magana da zarar an raba wa kowa karta biyu, mutum biyar na bayanka, uku daga cikinsu kuma za su riƙa ganin abin da ka yi kafin su motsa har ƙarshen zagayen. Don haka a nan ake tsuke hannu: kusan kashi 15 zuwa 18 cikin 100 na karta kawai ake shiga da su.

Ga misalai (A ce babba, sai K sarki, Q sarauniya, J, sannan T wato 10). Tagwaye, wato karta biyu masu daraja ɗaya, daga AA zuwa 66, shiga. AK da AQ ko da alamarsu ta bambanta, shiga. KQ, QJ, JT masu alama ɗaya ma haka. A5 mai alama ɗaya ina sonta ƙwarai, domin tana iya haɗa jere (karta biyar masu bin juna), tana iya haɗa biyar masu alama ɗaya mafi ƙarfi.

Inda mutane ke ƙonewa shi ne irin su KT, QJ ko A9 masu alama daban. Kyau ne da su a ido. Ka shiga da A9, A ta fito cikin kartan da ake buɗe wa kowa a tebur, ka ji daɗi ka yi ta zubawa, ashe na bayanka AQ yake riƙe da ita, Q ɗinsa ta fi 9 ɗinka. Ajiye su tun farko, don Allah.

In za ka shiga, kada ka biya kuɗin dole kawai ka lallaɓa. Ƙara zuwa ninki 2.5 na babban kuɗin dolen. Idan kuma na hagunka mai yawan sake ƙari ne, rage ƙananan tagwayen.