Yadda ake warware kalmar "sfinkta" har a gane aikinta

Ɗalibin aikin jinya ko likitanci ba ya daɗewa bai ci karo da kalmar sfinkta ba. Da yawa sukan haddace ta a matsayin tsokar dubura, su wuce. Ma'anar ta fi haka faɗi, kuma wanda ya bi ta har tushe ba ya bukatar hadda.

Da farko, raba kalmar gida biyu. Asalinta Girkanci ne, sphinkter. Gaban ya fito daga aikatau sphingein, wato matsewa ko ɗaurewa tamau. Ɗafin ƙarshen, -ter, yana nuna mai yin aikin ko abin da ake yin sa da shi. Hausa ma tana da irin wannan dabara, sai dai a goshin kalma take sa ta: daga buɗe a samu mabuɗi, daga ɗaure a samu maɗauri. To, sfinkta maɗauri ne, ba ƙari ba ragi.

Sai ka bi sawunta a gurguje. Galen, likitan nan Bagirke na ƙarni na 2, ya yi amfani da ita wajen bayanin tsokokin jiki. Daga nan ta shiga Latin, ta isa Turanci a ƙarni na 16.

Mataki na uku shi ne mafi muhimmanci a ganina. Ka ƙaddara zoben tsoka ne kewaye da bakin wata hanya, kamar zariya a bakin jaka. Tsokar hannu sai za ta yi aiki take ɗaurewa. Yawancin waɗannan zobba kuwa a tsuke suke kwana su tashi, sai abu zai wuce sannan su saki. Da wannan kaɗai za ka fahimci ƙwannafi: zoben da ke ƙasan bututun abinci ne yake saki ba a kan lokaci ba, ruwan ciki mai zafi ya hauro ƙirji.

Daga nan duba kalmar da ke rakiyar sfinkta, ita ce ke faɗa maka wurin. Zoben da ke tsakanin tumbi da ƙaramin hanji ana danganta shi da pyloros, mai gadin ƙofa ke nan da Girkanci. Wanda ke tsare hanyar ruwan matsarmama zuwa hanji yana ɗauke da sunan Ruggero Oddi, ɗan Italiya da ya bayyana shi a 1887. Har a ido akwai guda, shi ke tsuke 'yar kafar da ke tsakiyar baƙin ido idan haske ya yi yawa.

A ƙarshe ka tambayi kanka: wa ke da iko da wannan zoben? A dubura guda biyu ne. Na ciki aikinsa yake yi ba da saninka ba, na waje kuwa kai kake riƙe shi, kuma shi yaro yake koyon sarrafawa kafin ya daina ɓata wando.