Babi na 7: Kula da Tsohuwar Motar Daji Mai Shan Dizal

Assalamu alaikum 'yan aji, iyaye da yayye da ƙanne. Wannan babin na masu tsohuwar motar daji ne, irin su Land Cruiser da Land Rover da Nissan Patrol da Pajero masu shan dizal, waɗanda ba haya ake yi da su ba, sha'awa ce kawai ta sa mutum ya saya ko ya gada, ya ajiye ta a ƙofar gida a Aboabo ko Asawase ko Tafo Zongo nan Kumasi ta ƙasar Ghana, ranar Asabar ya ɗaga bonet ya yi ta taɓe-taɓe, in salla ta zo ya kwashi iyali a yi Salaga ko Bawku. Wanda bai da mota ma kar ya tsallake, don karatun lamba da rubutun kwanan wata da za mu yi a ciki na kowa ne, kuma janareto da injin niƙa da tarakta kusan duk hali ɗaya ne da wannan injin.

Abu na farko da za ku riƙe, injin dizal ba shi da fulogi mai tartsatsi irin na motar fetur. Fistin ne yake matse iska a cikin silinda har ta yi zafi sosai, sai nozul ya fesa mai kamar raɓa a cikinta, nan take ya kama da kansa. To kun ga ke nan rayuwarsa gaba ɗaya a kan abu uku take, iska mai tsabta, dizal mai tsabta, da baƙin mai mai tsabta. Ni a ganina yawancin tsofaffin motocin nan da kuke gani a yashe bakin kwata taya ta sace, ba tsufa ne ya kashe su ba, datti ne, kuma datti abu ne da mai mota zai iya tarewa da hannunsa ba sai ya je wajen fita, wato makanike, ba.

Kafin sifana, a sayi littafi. Ƙaramin littafin rubutu irin na yaran makaranta da biro, a bar su cikin motar kullum. Duba gaban sitiyari akwai lambobi masu juyawa da ke ƙirga tafiyar mota da kilomita, duk ranar da ka yi mata wani abu sai ka rubuta kwanan wata, ka kwafi lambar nan, ka rubuta abin da aka yi da abin da ka kashe. Misali: 14 ga Maris, 312,400, an canza baƙin mai da filta. Shi ke nan, layi ɗaya. Ko rubutunka bai miƙe ba tukuna ka yi, Alhaji, kai za ka karanta ba wani ba, kuma wallahi wannan layin shi zai hana a ce maka "ai bara aka canza" alhali shekara uku ke nan.

Baƙin mai. A jikin galan za ka ga an rubuta 15W-40, ka koyi gane wannan lambar kamar yadda ka gane lambar wayarka, don shi ne daidai da tsofaffin injinan nan a irin zafinmu, kuma ka tabbata na injin dizal ne. Motar da ke shan ƙura ana canza mata duk kilomita 5,000, tare da filtarsa, kar a canza mai a bar tsohuwar filta wai don a rage sidi kaɗan. Injin Land Cruiser da ake kira 1HZ, mai silinda 6 da girman lita 4.2, yana cin wajen lita 9 zuwa 10, shi kuwa 300Tdi na Land Rover mai silinda 4 bai kai haka ba, wajen lita 7 ne, amma dai tsinken awo shi ne alƙali: a tsai da mota a wuri mai daidai, a kashe, a jira minti biyar, a zaro tsinken a goge a mayar a sake zarowa, man ya tsaya tsakanin alama ta ƙasa da ta sama. In ya yi baƙi ƙirin bayan kwana biyu kar hankalinka ya tashi, haka man injin dizal yake. Abin tsoro shi ne ka gan shi ya koma kalar shayi da madara, wannan ruwa ne ya shiga, kar ka tada motar. Sabuwar filta kuma a shafa mai a robar bakinta a ɗaura da hannu kawai. Don Allah tsohon man a zuba a jarka a kai Suame Magazin, unguwar makanikai, akwai masu karɓa, kar a tuttular a kwata, duk a rafin Aboabo yake ƙarewa kuma mu ne dai a bakin rafin.

Yanzu dizal, nan ne zan daɗe. Famfon mai da nozul suna cikin abubuwa mafi tsada a jikin injin, kuma cikinsu an ƙera shi ne da matsi sosai ta yadda ƙwayar yashi ɗaya ko ɗigon ruwa yana iya ɓata su, sannan dizal ɗin da ke bi ta ciki shi ne ke shafe ƙarafan kar su ci juna. Shi ya sa man galan na bakin hanya, wanda ba ka san me aka gauraya masa ba, ni ban yarda da shi ba ko da ya fi araha. Ka sayi mai a gidan mai da ake yawan ciniki, in za ka yi arewa ka cika tun daga Kumasi ka ƙara a Techiman ko Kintampo, kar ka jira sai allura ta kwanta, don tankin da ke zama rabi fanko yana tara gumi a ciki da dare, gumin nan ruwa ne, ya fi dizal nauyi sai ya kwanta a ƙasa ya kawo tsatsa. A ƙasan filtar mai akwai wata 'yar murfi ta roba, galibi fara, da ake murɗawa da hannu. Duk wata ka tara kwalba mai haske, ka ɗan sassauta ta, ka bari ya tsiyaya, za ka ga ruwa ya kwanta a ƙasan kwalbar mai yana sama, in mai zalla ya fara zuwa sai ka ɗaure.

In ka canza filtar mai, ko mai ya ƙare maka a hanya, iska ta shiga layi ke nan, kuma injin dizal ba ya tashi da iska a cikin bututu ko za ka kashe batir kana murza makulli. Ga yadda ake fitar da ita. A saman gidan filta yawancinsu akwai wani maɓalli mai faɗi da ake dannawa da tafin hannu, wasu kuma kamar Land Rover ɗan hannu ne a jikin ƙaramin famfo a gefen inji. In akwai ƙaramin kusa na fitar da iska a kan filtar ka sassauta shi, ka yi ta dannawa, da farko kumfa za ta fito tana fis-fis, ka ci gaba har mai ya fito sumul ba kumfa, ka ɗaure kusan, ka ƙara dannawa har maɓallin ya yi tauri. Sai ka gwada tadawa. In ta ƙi, a ɗan sassauta noti ɗaya ko biyu na bututun ƙarfe a bakin nozul, wani ya murza makulli, in mai ya fara tsartuwa a ɗaure. A nan ku saurare ni da kyau, kar wanda ya kai yatsa ko fuska kusa da wurin yayin da inji ke juyawa, ƙarfin man yana huda fata, in kuma ya faru asibiti za a tafi nan take ko da ramin bai kai kan allura ba. Makulli ma kar a riƙe shi ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 15, a huta wa sitata ta huce.

Iska kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu lokacin hunturu ƙura ba ta da kunya. Buɗe tukunyar filtar iska ka zaro, ka bubbuga a hankali da hannu, in akwai injin hura iska wajen mai faci a hura daga ciki zuwa waje. Ɗaga ta sama ka haska tocila daga ciki, in ka ga huda ko robar bakinta ta tsage to ta gama aiki. Ta takarda ba a wanke ta da ruwa.

Hayaƙin salansa ma karatu ne. Baƙi yana nufin mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, ka fara da filtar iska kafin ka zargi nozul. Shuɗi-shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, ringi ko tobo sun fara gajiya. Fari da sassafe wanda ke ɓacewa bayan minti ɗaya biyu yawanci hita ce ta mutu, wato 'yan sandunan da ke ɗumama silinda kafin a tada, shi ya sa ake jiran fitilar nan mai kama da murɗaɗɗiyar waya ta mutu kafin a murza makulli. Amma farin da bai tsayawa, ga ruwan lagireto yana raguwa kullum, wannan gaskit ne ko kan inji, ba aikin ƙofar gida ba ne.

Zafi shi ne abin da ke kashe inji a rana ɗaya. Ruwan lagireto a duba shi da safe inji na sanyi, ba a taɓa buɗe murfin da zafi, mutane da yawa sun ƙone fuska a haka. A zuba ruwan sanyaya inji mai kala, kore ko ja, ba ruwan rijiya zalla ba mai kawo tsatsa da ƙanzo. Matsa robobin ruwa da hannu, wanda ya yi laushi ko ya kumbura a canza. Akwai wata ɗabi'a da nake roƙo a bari, ta cire tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, a yar wai ƙasarmu da zafi, injin da ba ya kai zafin aikinsa ya fi shan mai ya fi saurin cinyewa, in ya lalace sabo za a sa. In kana hawan tudun Mampong allurar zafi ta haura, ka tsaya, tafiyar minti biyar a haka tana iya tsaga kan inji.

Sai bel ɗin taimin, mai daidaita motsin bawul da na fistin, wanda yake ɓoye bayan murfi ba ka ganinsa. 1HZ da 300Tdi da 4D56 na Pajero duk bel ne, TD42 na Patrol kuwa haƙoran giya ne ba shi da wannan matsalar. A 1HZ ana canzawa wajen kilomita 100,000, na Land Rover da Pajero gara a yi tun kafin nan. In ya tsinke ana tafiya fistin zai daki bawul, aiki ya zama na buɗe inji. Ka sayi mota ba ka san yaushe aka canza ba? Canza kawai ka rubuta a littafi.

Ƙarƙashin mota, bayan damina ko bayan an ratsa ruwa a hanyar ƙauye, a wanke laka daga shasi don ita ke riƙe danshi ta ruɓar da ƙarfe. A buɗe kusan aksil na gaba da na baya a taɓa man, in ya yi fari-fari ruwa ya shiga a zubar a sa sabo, 80W-90, kuma kullum ka fara kwance kusan cikawa kafin na zubarwa kar ka zubar ka rasa ta inda za ka zuba. Farfela tana da 'yan nonuwan giris, a ba su da bindigar giris har sabo ya leƙo. Land Cruiser ƙirar 70 da Patrol ba a sa musu giyar taya huɗu a kan kwalta busasshiya, giyar za ta ɗaure, ta yashi ce da laka. Defender ita kullum da taya huɗu take tafiya, nata abin kiyayewa shi ne makullin tsakiya mai kulle aksil na gaba da na baya tare, a sake shi da an hau kwalta. Kuma ban yarda kowa ya shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai ba, ko a kan bulon siminti, a sami ƙafafun ƙarfe ko katako mai kauri, a ja birkin hannu, a tare taya da dutse, yara su matsa. In za a taɓa waya a fara cire kan batir mai alamar ragi.

Abin da ya fi ƙarfinka, famfon mai da gyaran nozul da kan inji da birki in ba ka ƙware ba, sai Suame Magazin, Allah ya ba mu ita a gida, mutane daga Burkina da Mali ma nan suke zuwa. Ka tafi da tsohon abin a hannu, ka kwafi lambar da ke jikinsa da lambar shasi a takarda, don Land Cruiser ƙirar 70 tun 1984 ake yin ta kuma kayan wata shekara ba lallai su shiga ta wata ba. Ka gai da masta da girmamawa, ka gaya masa abin da ka ji da abin da ka gani da kalar hayaƙi, ka zauna ka kalli aikin, ka ce a ba ka tsohon kayan da aka cire. Takardar lafiyar mota ta DVLA, hukumar lasisin mota, da inshora su ma a rubuta ranar ƙarewarsu a shafin farko na littafin.

Aikin gida: Hajiya ta canza baƙin mai motarta na kan 312,400, a wace lamba za ta sake canzawa in duk 5,000 ake yi? Rubuta kaloli uku na hayaƙi da abin da kowanne ke nufi, jimla ɗaiɗai. Sannan kowa ya nemi galan ɗin mai ko tsohuwar filta, ya kwafo lambobin da ke jiki a littafinsa ya zo da su aji mako mai zuwa, mu karanta tare.