Wace Linux Ce Ta Dace Da Tsohuwar Laftof Ɗinka?

Shagon buga takardu gare ni a bakin kasuwar garinmu, a ƙasar Ringim. Sola ɗaya, firinta ɗaya, sai wata tsohuwar laftof da na sayo a Titin Beirut a Kano. Takardun gona, na rabon gado, hotunan katin ɗan ƙasa na kusan rabin gari, duk suna cikinta. Wata ranar kasuwa wani yaro ya kawo filash mai ɗauke da cutar kwamfuta na soka, kafin la'asar fayilolina sun ɓace, sai inuwarsu. Ƙanena da ke karatu a Dutse ya ce, "Yaya, amanar mutane ce fa a hannunka. Ka koma Linux mana."

Linux babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta, kamar Windows, sai dai kyauta ce, kuma rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake, duk mai ilimin abin zai iya dubawa ko an ɓoye wani abu. Linus Torvalds ya fara ta a Finland a 1991. Iri-iri ce, kuma a nan mutum yake rikicewa.

Kada sunan tsaro ya ruɗe ka. Za ka ji ana yabon Qubes da Tails. Qubes tana son kwamfuta mai RAM, wato wurin da take riƙe aikin da take kai, wajen giga 16, tawa kuwa 4 gare ta. Tails a filash take zama, tana bi da kai ta hanyar Tor mai ɓoye sawunka a intanet, da ka kashe ta manta komai. Ta yi wa ɗan jarida daidai, amma ni da zan nemo wa Baba Liman takardar da na buga masa bara fa?

Mu irin namu, Linux Mint ce. A kan Ubuntu aka gina ta, Ubuntu kuma a kan Debian, wadda take nan tun 1993. In injinka ya kwana biyu, ɗauki Mint mai fuskar allo da ake kira Xfce, ba ta da nauyi. Mint 22 za ta riƙa samun gyaran tsaro har 2029. Windows 10 kuwa tun 14 ga Oktoba 2025 aka rufe tallafinta na yau da kullum.

Daga shafinsu na ainihi za ka sauke ta, ba daga filash ɗin mai gyara ba. Ta kai wajen giga 3, don haka ni sai da na jira datar dare. Ka zuba ta a filash da manhajar Rufus ko Etcher, ka sake kunna laftof kana danna F9 in HP ce, F12 in Dell ce. Za ta tashi daga filash ɗin ba tare da ta taɓa kayanka ba. To a nan ka zauna, kada ka yi gaggawa. Haɗa intanet daga wayarka, buga takarda ɗaya, buɗe wani tsohon fayil na Word da LibreOffice, manhajar rubutu da ke zuwa da Mint, ka ga ko layukan sun goce. Ka zaɓi allon rubutu na Hausa ka gwada ƙ da ɗ da ɓ.

Kafin ka girka, kwashe komai ka ajiye a wani wuri. Wajen girkawa akwai zaɓin kulle faifan gaba ɗaya; ka amsa, domin ko an sace laftof ɗin ɓarawo ba zai karanta komai ba. Amma kalmar sirrin in ta ɓace maka, shi ke nan, babu wanda zai buɗe. Tawa na rubuta a takarda, tana ƙasan akwatin Inna.

CorelDRAW ba ta aiki a kai, dole na koyi Inkscape don katin biki, mako biyu ina gumi. Sabuntawa kuwa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci nake yi, lokacin batirin sola a cike yake.