Kafin ka biya kuɗin kwas ɗin gudanar da asibitin haƙori

Shekara shida ke nan ina riƙe da ofishin asibitin haƙori na yayana a Sabon Garin Zariya. Shi ne likita, ni kuwa nawa rasit ne da albashi da dizal da rigimar masu kawo kaya. Yaya ya yi karatun haƙori a jami'a, ya yi shekarar horo a asibiti, ya yi bautar ƙasa, amma da na tambaye shi nawa cire haƙori ɗaya yake ci mana, cewa ya yi, "Kai dai ka ji abin da maƙwabta ke karɓa." Haka muka yi ta tafiya, kujera ba ta hutawa, wata kuma ya ƙare muna lalube. Wannan ne ya tura ni neman karatun gudanarwa, kuma da ƙafar hagu na shiga.

Talla na gani a WhatsApp: kwana uku a wani otal, wai da amincewar wata jami'ar Ingila. Na biya, na ci abinci mai kyau, na dawo da takarda mai hatimin zinare. Ranar da na haɗa ta da takarduna wajen neman ƙarin karatu, jami'in da ya duba ya miƙo mini ita ya ce, "Malam, wannan ai shaidar halarta ce." Sai a lokacin na lura sunan jami'ar yana can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, kamfanin da ya shirya taron ne ya ba da takardar.

Don haka tambayar farko, kafin maganar kuɗi: wa zai ba da takardar, sunan wa za a rubuta a samanta? Akwai kwas ɗin da jami'a ce ke ɗaukarka ɗalibi, ta ba ka lambar rajista, ta yi maka jarabawa. Akwai wanda jami'a ta duba manhajarsa kawai ta ce ba laifi, wasu ke koyarwa. Akwai kuma na ƙungiyoyin ƙwararru, irin su Cibiyar Gudanarwa ta Najeriya, NIM. Kowanne da amfaninsa, amma na farkon ne za ka hau kansa ka je digiri na biyu ba tare da jayayya ba. Ka ce su nuna maka hoton takardar wani da ya gama. In aka fara yi maka kwana-kwana, ka riƙe kuɗinka.

Daga nan ka shiga shafin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC. Tana da jerin jami'o'in da ta amince da su, tana kuma fitar da sunayen na bogi. In takardar daga waje za ta zo, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce ke tantance ta, kuma ba abin wasa ba ne: a farkon 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida.

Kwasa-kwasan Ingila da ake yi ta intanet su ne suka fi cika ido, domin an tsara su musamman don asibitin haƙori. Ga yadda ake karanta su. A can karatu mataki-mataki yake: mataki na 4 da na 5 na manajoji ne, mataki na 7 daidai yake da karatun digiri na biyu. A mataki na 7, ana tara maki ne gwargwadon darussan da ka kammala: maki 60 satifiket ne, 120 difloma, 180 cikakken digiri na biyu. Ka tambaya ko makin da ka tara za a lissafa maka shi in ka ci gaba. Matsalarsu a wurina ita ce kaso mai tsoka na karatun kan dokokinsu yake: hukumar lafiyarsu ta NHS, da masu duba asibitoci na CQC. Mu a nan da MDCN muke hulɗa, wato hukumar da ke yi wa likitoci rajista, da ma'aikatar lafiya ta jiha, da inshorar NHIA wadda dokar 2022 ta kafa, da KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kaduna. Ga shi da fam ake biya. In Ingila kake shirin tafiya aiki, to ya dace da kai. In a Tudun Wada ko Samaru za ka zauna, ka yi tunani sau biyu.

Mu 'yan Zariya ba mu da uzuri sosai. Jami'ar Ahmadu Bello tana nan tun 1962, Cibiyar Koyar da Mulki ta unguwar Kongo ma ta girme ta, tun kafin 'yancin kai take horar da ma'aikatan Arewa. Jami'ar tana da cibiyar karatu daga nesa mai yin MBA, wato digiri na biyu a gudanar da kasuwanci, ga kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN. Wanda bai taɓa karanta akanta ko kasuwanci ba, ko likita ne ko mai HND irina, ya fara da diflomar gaba da digiri a gudanarwa, wadda ake kira PGD. Ka tanadi sakamakon sakandare, da takardar bautar ƙasa, ka kuma nemi makarantarka ta tura cikakken sakamakonka tun kafin a fara sayar da fom, don shi ne ke cin lokaci.

Ba za a ambaci haƙori ko sau ɗaya a ajin ba. Kai ne za ka kai haƙorin. Duk aikin gida da aka ba ni, da littattafan asibitinmu na yi shi, bayan na nemi izinin Yaya na kuma cire sunayen marasa lafiya, domin sirrinsu amana ne, dokar kare bayanai ta 2023 ma ta hana wasa da shi. Da aka koya mana lissafin kuɗin da kaya ke ci, na zauna na rarrabe kuɗin da cire haƙori ɗaya ke ci: allurar kashe zafi, safar hannu, auduga, dafa kayan aiki, dizal na mintocin da janareta ke ja wa kujera, kason haya da na albashi. Sai ga shi ƙarin da muke ɗorawa bai kai kuɗin cefane ba, wankin haƙori kuwa, da muke rainawa, shi ke riƙe da mu. Da aka zo darasin ajiyar kaya na buɗe kabad, na tarar da kwalin allura da kwanansa ya wuce a bayan sababbi, saboda kullum na gaba ake ɗauka. Yanzu wanda ya fara shigowa shi ke fara fita, kuma ranar ƙarewar kowane kwali tana rubuce da alƙalamin maka a gefensa. Bashin kamfanonin inshora ma na ware masa littafi, kowanne da ranar da muka tura takardar neman biya.

Wa ya kamata ya tafi karatun, likita ko manaja? In likita ɗaya ne a asibitin, a tura manaja. Duk awar da likita ya bar kujera, ba mai zama a madadinsa. Likitan da ya nace sai ya yi, ya tambayi MDCN ko kwas ɗin zai shiga makin ƙarin ilimin da ake nema wajen sabunta lasisi kowace shekara, kada ya ɗauka kai tsaye ne. Kai kuma manaja, takardarka ta ofis ce. Ko MBA goma ka tara, bakin mara lafiya ba huruminka ba ne.

Sai lokaci. Asabar ce ranar da muka fi cika, don ma'aikata da 'yan makaranta ita suke jira, saboda haka ka nemi jadawalin lacca da na jarabawa kafin ka biya, ka shirya wanda zai riƙe teburin karɓar kuɗi a makon. Ni bayan sallar asuba nake karatu, kafin yara su tashi, a lokacin ne ma intanet ta fi sauri a unguwarmu. Kuɗin data da kuɗin buga takardu ka sa su cikin lissafi tun farko.

Yaya ne ya biya rabin kuɗin makarantar, da sharaɗin in riƙa ajiye masa takarda shafi ɗaya kowane ƙarshen wata: abin da ya shigo, abin da ya fita, bashin da muke bi, da kayan da suka kusa ƙarewa. Ta watan jiya ce ta sa muka fara tambayar farashin sola, don dizal ya haura albashin ma'aikata biyu.