Kurakuran da ke ɓata tafarnuwa a garka, da yadda nake kauce musu

Kusan kowace shekara, da zarar sanyi ya ja baya bazara ta kawo kai, sai wani daga cikin matasan garinmu ya yi sallama a zaurena riƙe da ɗan ƙullin tafarnuwa, yana so in faɗa masa abin da ya same ta. Wani tasa ta fito ƙanana kamar 'ya'yan kanya, wani tasa ta ruɓe a buhu, wani kuma ganye kawai ya samu bayan wata huɗu yana jan guga. Na fi shekara goma ina shuka tafarnuwa a garkar da ke bayan gidanmu a ƙasar Kura, kuma na gaji da maimaita magana ɗaya ga mutane daban-daban, shi ya sa na ga gara in rubuta ta. Gyaran da zan kawo shi ne wanda hannuna ya saba da shi, kuma na san akwai manyan manoman rani na Kadawa da za su saɓa mini a wasu wurare.

Kuskuren da ya fi kowanne cin mutane shi ne na iri da lokacin shuka, kuma ni ya ci ni tun a shekarata ta farko. Na shiga kasuwar Yankaba na ga irin farar tafarnuwar nan da ake shigowa da ita daga ƙasar Sin, kowane kai ya cika tafin hannu, ƙwayoyinta manya-manya, sai na raina tamu ta gida mai ƙananan ƙwayoyi da jaja-jajan ɓawo. Na zuba kuɗin da na tara na sayo ta, sannan hidimar kaka ta riƙe ni, ban samu na shuka ba sai ƙarshen Disamba. Ranar da nake ɓare ta a ƙofar gida baffana ya zo wucewa, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya jujjuya ta, ya ce, "Ɗan nan, wannan ai ta miya ce, kuma sanyin da za ta sha ya kusa rabi." Na ce, "Baffa, a bari in gwada, ko Allah zai sa a dace." Bai ƙara cewa komai ba, ya yi mini addu'a ya wuce. Kusan sulusin abin da na shuka bai ma tsiro ba, wanda ya tsiro kuwa ya yi ganye shar har maƙwabta suna tsayawa kallo. Da watan Afrilu ya kama na sa fartanya na tono, sai na tarar da ɗan dunƙule guda kamar ƙaramar albasa a gindin kowane tushe, bai rabu ƙwaya-ƙwaya ba, wasu kuma saiwa kawai. Kuɗin iri, da na taki, da wata uku da ɗoriya na ban ruwa safe da yamma, duk sun tafi.

Dalilin a fili yake ga wanda ya lura da halin shukar. Tafarnuwa tana amfani da makonnin sanyi ne wajen tara ganye da saiwa, kuma sanyin nan shi ke sa ta rabu zuwa ƙwayoyi daga baya. Idan zafi ya shigo, sai ta daina fitar da sabon ganye ta koma gina kai da abin da ganyen da take da shi ya tara mata, saboda haka wadda zafin Maris ya riske ta da ganye huɗu ko biyar ba ta da abin da za ta gina babban kai da shi. Ita kuwa ta waje, an saba noma ta ne a ƙasar da sanyinta ya fi hunturunmu nesa ba kusa ba, ga shi ta daɗe a ɗakunan sanyi da cikin jirgin ruwa kafin ta iso, wani lokaci ma an yi mata maganin hana tsiro don ta jure zaman kasuwa. Tun daga wannan shekara ban sake shuka wani iri ba sai na gida, wanda aka girbe a bazarar da ta wuce, daga hannun manomin da na ga gonarsa da idona. Ina shuka tsakanin ƙarshen Oktoba da tsakiyar Nuwamba, idan kuwa Nuwamba ta fita ban shuka ba, to na haƙura da tafarnuwa a wannan shekara, in sa latas ko alayyafo a fangalin. Tana buƙatar wata huɗu zuwa biyar kafin ta nuna, duk wanda ya yi lissafi zai ga inda shukar Disamba za ta kai shi.

Akwai kuma rowar da ake yi wa ƙasa wajen zaɓen ƙwaya, inda mutum zai ware manyan ƙwayoyi ya miƙa cikin gida a yi miya, ya shuka 'yan siraran nan na tsakiyar kai. Babbar ƙwaya ita ke ba da babban kai, domin abincin da tsiron zai fara rayuwa da shi yana cikinta. Ni manyan na gefe nake shukawa, na tsakiya su tafi madafa. Ba na ɓare kai sai ana gobe shuka, ba na kuma cire wa ƙwaya ɓawonta, saboda shi ne rigar da ke kare ta daga ruɓa. A dasa ta tsinin yana kallon sama, zurfin kamar gaɓa biyu ta yatsa, wato santimita 3 zuwa 5, a bar kamar santimita 10 tsakanin ƙwaya da ƙwaya, tsakanin layi da layi kuma kamar taƙi ɗaya. Wanda ya watsa ta kamar mai yafa riɗi, wasu za su kife su fito a karkace, wasu su matse juna.

Ɗanyen taki kuskure ne da ake yi da kyakkyawar niyya. Kashin kaji ko na awaki da aka kwaso daga turke jiya yana ƙone saiwa, yana kuma jawo ruɓa da tsutsa. Ni tun damina nake tara nawa a rami, sai ya ruɓe ya yi baƙi ya daina wari sannan in gauraya shi da ƙasar fangali, mako biyu kafin shuka. Idan ƙasar garka mai laka ce da ke riƙe ruwa, a ɗaga fangalin a ƙara masa yashi da taki, domin tafarnuwa ba ta jure kwana cikin ruwa. Takin zamani kuwa, ina ba da ɗan kamfa a farko, in ƙara ɗan yuriya bayan kamar mako biyar ko shida, daga nan na rufe buhu. Masu ci gaba da zuba yuriya har Fabrairu don ganye ya yi kyau suna samun wuya mai kauri da kan da ba ya ajiyuwa.

A nan dole in yi faɗa, domin abin yana ɓata mini rai. Yaro zai shuka tafarnuwa, ya yi mako uku bai leƙa garka ba sai dai ya aiki ƙanensa ya watsa ruwa, sannan ya zo yana cewa iri ne ba shi da kyau. Ganyen tafarnuwa siriri ne, ba ya yi wa ƙasa inuwa, saiwarta kuma ba ta nisa, saboda haka aya-aya da kiri-kiri suna cinye mata abinci tana ji tana gani. Wanda ba zai iya durƙusawa ya cire ciyawa da hannu kowane mako ba, ya bar wa masu iyawa. Kuma kada a shiga tsakanin layuka da babbar fartanya ana sara, domin kan da aka ji wa rauni a ƙasa ba ya warkewa, ruɓa yake yi.

Asara ta biyu da na yi ta fi ta farko ciwo, saboda a shekarar amfanin ya yi kyau sosai, ni na lalata shi da hannuna a makonni ukun ƙarshe. Da na ga ganyen ƙasa ya fara ja yana bushewa a farkon Maris, sai na ɗauka ƙishirwa ce, na ƙara yawan ban ruwa, har ranar da zan tono sai da na jiƙa fangalin da safe don ƙasa ta yi laushi. Na tumɓuke ta da laka a jiki, na wanke ta a bokiti don ta yi kyan gani, na yanke ganyen nan take, na shanya ta yini biyu a tsakar gida cikin rana, na ɗura a buhun taki na ɗaure baki na jingine a ɗaki. Bayan kamar mako uku maiɗakina ta ce, "Malam, akwai wani wari a ɗakin nan." Da na kwance buhun, zafi ne ya fara bugun hannuna, ga baƙar hunhuna ta bi wuyan kowane kai, idan na matsa ƙwaya sai ta narke ta fitar da ruwa mai ɗoyi. Abin da na tsinta mai kyau bai cika kwano ɗaya ba, sauran a rami na binne shi, har da wanda na yi niyyar ajiyewa iri.

Bushewar ganyen ƙasa alama ce ta nuna, kuma daga ranar da na gan ta nake rage ruwa, in yanke shi gaba ɗaya mako biyu kafin tono, don ɓawo ya yi ƙarfi wuya ya tsuke. Ina tonowa idan kusan rabin ganyen ya bushe, bayan na fara tono tushe biyu ko uku na ga ƙwayoyi sun fito fili sun cika ɓawonsu. Wanda ya yi gaggawa zai samu kan da bai cika ba, wanda kuma ya jira sai ganye ya bushe ƙurmus zai tarar ɓawon ya yage ƙwayoyi sun warwatse a ƙasa. A sassauta ƙasar da ƙaramar fartanya daga gefe, kada a fizgo ta da ganye. Ruwa kada ya sake taɓa ta, a kakkaɓe ƙasar da hannu kawai. Ina ɗaure ta ƙulli-ƙulli da ganyenta, kamar kai goma-goma, in rataye a ƙarƙashin rumfa inda iska ke ratsawa rana ba ta duka, domin ranar Maris da Afrilu dafa ƙwaya take yi ta cikin ɓawo. Sai ta yi mako biyu zuwa uku, na ji ɓawon yana ƙara kamar takarda kuma wuyan ya bushe har ciki, sannan nake yanke ganyen in bar wuya kamar faɗin yatsa biyu. Ma'ajinta kwando ne ko buhu mai raga, a ɗora kan katako nesa da bango. Leda da buhun taki kuwa ba na bari su kusance ta.

Idan aka ga ganye yana yin fari-fari kamar an yayyafa masa toka lokacin da zafi ya fara, a buɗe tsakanin ganyen a duba, za a ga wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari suna gudu, su ne ke tsotse shi. Ni 'ya'yan darbejiya nake dakawa in jiƙa su kwana, in tace, in sa ɗan sabulu kaɗan, in fesa da yamma har cikin maƙogwaron ganyen, in maimaita bayan mako. Kada a shuka tafarnuwa a fangalin da aka yi albasa ko tafarnuwa bara, saboda ciwonsu ɗaya ne kuma yana zama a ƙasa. A gyara danga tun kafin shuka, domin kaza ɗaya tana iya tone layi guda da hantsi.

Ranar da na sauke ƙullayen daga rumfa, kafin a ɗebi ko kai ɗaya a kai madafa ko kasuwa, nakan zauna a kan tabarma in ware waɗanda suka fi girma da tauri, masu ɓawo lafiyayye, in sa su a kwando dabam in rataye a ɗakina. Nakan sauke kwandon sau ɗaya a wata, musamman cikin damina da iska ke da laima, in matsa kowane kai da yatsa, wanda na ji ya yi laushi in fitar da shi, sauran su jira ƙarshen Oktoba.