Intanet ya ɗauke? Ga yadda nake gano inda matsalar take

Idan mai shago ya kira ni ya ce intanet ya tsaya, tambayata ta farko ita ce ko fitilun rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a shagon, suna ci. Mutane na saurin ɗora wa kamfanin sadarwa laifi, alhali sau da yawa matsalar tana cikin shagon. Saƙon kwamfuta hawa-hawa yake tafiya, na sama ba ya aiki sai na ƙasa ya daidaita, shi ya sa nake faro bincike daga ƙasa.

Fara da abin da hannunka zai taɓa. Zare kebul ɗin Ethernet, wato wanda ya haɗa kwamfuta da rauta, ka mayar har ka ji ya ce ƙas. In an ja shi zuwa wani gini, duba tsawonsa, don kebul ɗin Ethernet ba a so ya wuce mita 100. Leƙa bayan kabad ma, ɓera na son gaigayar robarsa.

Sai adireshi, wato lambar da ake gane kwamfutarka da ita a hanyar sadarwa. A Windows, buɗe Command Prompt, tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta ipconfig. Lamba irin 192.168.1.5 na nufin rauta ta ba kwamfutarka adireshi, lafiya lau. Amma in ta fara da 169.254, kwamfutar ta nemi adireshi ba wanda ya kula ta, sai ta laƙaba wa kanta. Kashe rauta, dakata kaɗan, ka kunna.

Yanzu aka zo wurin da na fi so, wato ping, ƙaramar manhajar da Mike Muuss ya rubuta a 1983. Sallama ce a ƙofar gida, in da mutum ciki zai amsa. Sau uku za ka yi ta. Ta farko ga rautarka: rubuta ping, ka biyo da lambar da ipconfig ya nuna a gaban Default Gateway, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. In shiru, matsalar tana tsakaninka da rauta, kebul ne ko Wi-Fi. In ta amsa, rubuta ping 8.8.8.8, wata na'urar Google ce a waje. Shiru a nan ne kaɗai ke ba ka hujjar kiran kamfani. Kafin ka ɗaga murya dai, duba ko data ce ta ƙare.

Ta uku ita ce ping google.com. Idan lamba ta amsa amma suna ya ƙi, DNS ne ya sami tangarɗa, wato tsarin da ke juya sunan shafi ya koma lamba. Wannan ya fi rikita mutane, don alamar Wi-Fi na nan cike amma shafi ya ƙi buɗewa. Shiga saitin hanyar sadarwa ka sa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 na Cloudflare a gurbin DNS, ka rubuta ipconfig /flushdns, sannan ka sake gwada shafin.